Kyandir na Uku



Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan lokacin Zuwan Almasihu, da farko na so in ba da uzuri. Na ce ga Fada, ga katikis, ga waɗanda suka yi karatun tauhidi, me zai sa a zo wurin mai riƙe alli? Amma da na koma gida na kwana da maganar, sai na ga akwai wani bashi a wuyana wanda ya kamata in biya a gaban ɗalibaina. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban aji ina koyar da ma'anar wannan lokaci, alhali kuwa ni kaina ban gane shi ba sai da wuya ta koya mini. To, abin da wuyar ta koya mini shi ne zan ba ku labari.

Bari mu fara da abin da ke cikin littafi, don amfanin 'yan aji ɗaya. Lokacin Zuwa, wanda a coci mukan ji ana ce masa Adben, sunansa ya fito ne daga wata kalmar Latin mai nufin isowa. Lahadi huɗu ne kafin ranar 25 ga Disamba. Yakan fara a Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, saboda haka ba ya farawa kafin 27 ga Nuwamba, ba ya kuma wuce 3 ga Disamba bai fara ba. Da shi ne shekarar ikkilisiya take somawa. Fada yakan sa tufafin shunayya, alamar tuba da shiri. Jira biyu muke yi a cikinsa: muna tuna yadda mutanen dā suka jira zuwansa na farko a Baitalami, muna kuma sauraron komowarsa.

Kyandirori huɗu ɗin nan da kuke gani a gaban bagadi, su ma a makaranta suka samo asali. A shekara ta 1839, a birnin Hambug na ƙasar Jamus, wani fasto mai suna Johann Hinrich Wichern yana riƙe da gidan renon yara marasa galihu. Kullum yaran suna damunsa da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo. Sai ya samo wata tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera kyandirori a kanta, ƙanana don ranakun mako, manya huɗu don ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Kun ga ashe ba ku kuka fara ƙirga kwanakin hutu ba. A yau saura huɗu muke kunnawa. Uku shunayya ne, na ukun kuwa ruwan hoda, domin Lahadi ta uku ita ce Lahadin farin ciki. Wannan kyandir na uku shi ne ya kusa gagarata.

Amma kafin nan, sai na kai ku gonar mahaifina. Allah ya jiƙansa, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Bai yi boko ba, baƙin da ya iya a ajin baftisma ya koye shi. Tun daga 1975, da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, masara da takin zamani suka bazu a ƙasarmu, har suka kusa ture dawa a wasu gonaki. Mahaifina ya karɓi masara kamar kowa, amma bai taɓa barin kaura da farafara ba. Masara wata uku zuwa huɗu ta isa gida. Dawa kuwa a shuka ta da ruwan farko na kirki, a yi noman fari, a yi maimai, a yi huɗa, ruwa ya ɗauke, maƙwabta su kwashe masararsu su kai kasuwar Bakori ko Funtuwa su dawo da sabon keke, ita tana nan tsaye tana shan raɓa. Sai hunturu ya buso, leɓe ya fara tsagewa, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, sannan ta yarda a yanke ta. Wato dai girbin dawa da lokacin Zuwa tare suke zuwa a ƙasar nan.

Ina yaro, aikina ne korar tsuntsaye da gadin dabbobi a wannan tsakani. Ba aikin da na ƙi kamarsa. Wata rana na gaji, na ce masa, "Baba, ai ta nuna. Mu yanke mu huta mana." Ya karyo zangarniya ɗaya, ya murje ta a tafin hannu, ya ba ni ƙwaya ɗaya ya ce in ciza. Na ciza, ta lotse ba ta yi ƙara ba. Ya ce, "Ka ji? Dawa ba ta jin tsawa. In ka sa ta rumbu haka, fumfuna za ka ci da bazara." Daga nan ya ce in bar tsuntsaye in zo in kwaɓa masa ƙasa. Ashe duk kwanakin da nake ganin zaman banza muke yi, shi yana yaɓen rumbu, yana toshe ramukan ɓera, yana ɗinka sabuwar jinka, yana wasa lauje. Ya ce mini, "In kana so ka san wanda ya gaskata dawarsa za ta zo gida, kada ka dubi gonarsa, je ka dubi rumbunsa."

Da na girma na karanta wasiƙar Yakubu sura 5, inda aka kwatanta masu sauraron Ubangiji da manomi mai jiran amfanin gonarsa, na ce ai wannan na san shi tun ina yaro. Na riƙa ba da misalin dawar Baba a aji kowace shekara, ɗalibai suna dariya, ni kuma ina jin na iya. Ashe jiran dawa mai sauƙi ne, gama kana ganinta da ido, ka kuma san watan da za ta nuna.

A 2020, shekarar da cutar korona ta rufe mana makarantu wata da watanni, lokacin Zuwa ya fara ranar 29 ga Nuwamba. Mun kunna kyandir na ɗaya, mun kunna na biyu. 'Yan ƙungiyar mawaƙa suna ta koyon waƙoƙin Kirsimeti, 'yan wasan kwaikwayo suna ta gardamar wa zai zama Hirudus. Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da ɗari uku cikin daji da ƙafa. Ƙanƙara maƙwabciyarmu ce. Ba gari ba ne da muke ji a rediyo, garin da muke cin kasuwarsa ne. Washegari Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin a rufe makarantun kwana na jihar. Wanda ya ga ƙofar makaranta ran nan ba zai manta ba. Iyaye a kan babura, wasu ko hula ba su tsaya sawa ba, kowa yana kiran sunan ɗansa. Tufafin wasan kwaikwayo aka bar su a ƙasa.

Ranar Lahadi, 13 ga wata, ita ce Lahadi ta uku, Lahadin farin ciki, kuma ni ne mai karatu na farko a cocinmu. Da na buɗe littafin da asuba don in duba, sai na tarar Ishaya sura 61 ce, inda annabi yake shelar an aiko shi ya warkar da masu karyayyar zuciya, ya kuma yi wa kamammu albishir na saki. Karatu na biyu daga wasiƙar farko zuwa ga Tasalonikawa sura 5, inda Bulus yake gargaɗin a dinga murna kullum. Na rufe littafin. Gaskiya zan faɗa muku, raina ya ɓaci, kuma da Allah nake fushi. Na ce yaya zan tsaya gaban iyaye in karanta maganar sakin kamammu, alhali 'ya'yan mutane sun kwana biyu a daji cikin wannan sanyi, wasu ba takalmi? Ai sai ya zama kamar ba'a.

Na isa coci da wuri na sami tsohon katikis ɗinmu yana goge fitilu. Na ce, "Baba, yau a nemi wani ya yi karatu. Kuma in da za a ji tawa, da an bar kyandir ɗin nan na uku sai yaran sun dawo." Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi. Gaya mini, mutanen da aka fara yi wa wannan shela ta Ishaya, a cikin daɗi suke?" Na ce a'a, mutane ne da suka sha bauta, birninsu kango. Ya ce, "To, da tsakar rana ake kunna fitila?" Na yi shiru. Ya miƙo mini ashana ya ce, "Yau ma kai za ka kunna."

Na kunna, hannuna yana rawa. Na yi karatun, muryata ta sarƙe sau biyu. Ban ji wani farin ciki ba, kada in yi muku ƙarya. Amma da na ɗaga kai, na ga matan Zumunta suna share hawaye suna cewa amin, sai na gane ba ba'a suka ji ba, alkawari suka ji, suka kuma riƙe Mai alkawarin da shi. Bayan sujada ba wanda ya yi saurin tafiya. Aka durƙusa aka yi addu'a domin yaran Ƙanƙara, waɗanda galibinsu 'ya'yan 'yan'uwanmu Musulmi ne. A makon nan masallatai suna addu'a, coci-coci suna addu'a, kuma abu ɗaya ake roƙo. Ban taɓa ganin ƙasar Katsina tana jiran abu guda da zuciya ɗaya kamar wannan mako ba.

Daren Alhamis, 17 ga Disamba, labari ya zo an sako su. Gwamnati ta ce yara 344 ne. Unguwarmu ba wanda ya yi barci da wuri. Ranar 20 ga wata muka kunna kyandir na huɗu, aka yi ta guɗa a coci.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce muku duk wanda ya jira zai ga abin da yake so cikin kwana shida. Amma ba haka rayuwa take ba, kuma bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibansa ba. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka shiga gidan Fada na cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi da dare. Suka tafi da tsoho Fada Joseph Keke, wanda aka sako daga baya. Fada Alphonsus Bello kuwa, matashi, gawarsa aka tsinta da safe. A watan Mayu na 2022 aka kuma ɗauke Fada biyu a Gidan Mai Kambu cikin ƙasar Ƙafur, suka yi fiye da wata ɗaya a hannun mutanen daji kafin su dawo. Ban da waɗannan da jaridu suka buga, akwai manoma da mata da yara, Musulmi da Kirista, waɗanda sunayensu ba su fita daga ƙauyukansu ba. Wasu gidajen sun jira, sun sayar da shanu da gona, wanda suke jira bai dawo ba.

A nan ne na faɗi jarrabawa, kuma wannan shi ne bashin da na ce ina ɗauke da shi. Akwai wani dattijo Bafulatani, abokin mahaifina tun ban san kaina ba. Kowace kaka, in an kwashe dawa, yakan kawo shanunsa su ci kara su bar mana taki. Da Sallah yakan aiko da nama, da Kirsimeti mukan aika masa da shinkafa da miya. Baffa nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Bayan rasuwar Fada Bello zuciyata ta juya. Bai yi mini kome ba, ban kuma ji wani ya ce ya yi wani abu ba. Amma na fara kauce masa a kasuwa. Da kaka ta zo na sa aka tattara karan gonar aka kai gida, abin da ba mu taɓa yi ba, don kada ya sami dalilin zuwa. Kirsimetin 2021 ban aika masa da kome ba. Duk wannan kuwa ina shiga aji ina koyar da ƙaunar maƙwabci, ina ba da maki a kanta.

Shekara ta juyo, muka shiga lokacin Zuwa na 2022. Ina shirya darasi a kan Yahaya Maibaftisma daga Luka sura 3. Na lura da wani abu da na sha karantawa ban gani ba. Da mutane suka tambayi Yahaya abin da za su yi don shirin zuwan Almasihu, bai ce su je su zauna suna kallon sama ba. Mai riga biyu ya ce ya ba marar ita ɗaya. Masu karɓar haraji ya hana su ƙari. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙazafi. Duk shirin da ya ba su, tsakaninsu da mutum ne. Kalmar ƙazafi ta tsaya mini a maƙogwaro, gama na yi wa Baffa ƙazafi a zuciyata, na yanke masa hukunci ba shaida. Sai maganar mahaifina ta dawo mini. Ina cewa ina jiran Almasihu, amma da ya zo ya duba rumbuna, me zai tarar? Tsoro ya huda shi ta ko'ina. Na kuma yi abin da Baba ya hana ni ina yaro, na yanke ɗanya don na gaji da jira.

Ranar wata Asabar na hau babur na nufi rugarsa. Na tarar garken da na sani ya koma 'yan ƙalilan. Ashe mutanen da nake tsoro, su ne suka kore masa yawancin shanunsa tun bara, har suka ji wa ɗansa rauni. Ya sha wannan shi kaɗai, a daidai lokacin da ɗan abokinsa yake kauce masa a kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, na yi maka laifi, ka yafe mini." Ya ce, "Ɗana, na ga ka daina zuwa. Na ce a bar shi, tsoro ne, zai wuce. Kullum ina cewa yaran nan su duba hanya." Ya sa aka kawo mini fura da nono. Ban iya sha da yawa ba. Ashe shi ma jira yake yi, ya kuma fi ni iya jiran.

Hausawa suna cewa zuwa da kai ya fi saƙo. A kan hanyar komawa gida na ga wannan karin magana ita ce Kirsimeti gaba ɗaya. Allah ya aiko da saƙo ta bakin annabawa tsara bayan tsara, daga baya ya zo da kansa. Bai kuma jira duniya ta yi lafiya ba tukuna. Ya zo a zamanin Hirudus, a ƙasar da sojojin Roma suke mulki, iyayensa ma sai da suka yi gudun hijira da shi zuwa Masar da dare. Duk wanda ya taɓa kwashe 'ya'yansa ya bar ƙauye saboda tsoro, ya sani Yusufu da Maryamu sun riga shi bin wannan hanya. Saminu da Hannatu, tsofaffin nan biyu na Haikali a Luka sura 2, sun tsufa suna jira. Da idonsu ba su ga an kori Romawa ba, jariri kawai suka gani a hannun matalauta, amma ya ishe su, domin sun san Wanda ya yi alkawari ya fara cikawa.

Mu ma Allah bai bar mu ba alama ba. Ranar 16 ga Oktoba 2023 Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina daga cikin na Sakkwato, kuma ranar 12 ga Disamba na shekarar, cikin lokacin Zuwa, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinsa na farko. Shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika. Na tuna tsofaffin katikis da masu bishara na kowace ɗarika, waɗanda suka yi ta yawo a kan keke ƙauye-ƙauye suna koya wa iyayenmu karatu a gindin bishiya. Yawancinsu sun kwanta dama ba su ga wannan rana ba. Sun shuka dawa, wasu suka girbe.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ga 'yar shawarata kafin ku ɗaure akwatunanku. Na san abin da ke ranku: ɗinkin Kirsimeti, sabon takalmi, shinkafa da kaza. Ba laifi ba ne, ni ma na yi. Amma cikin makonni huɗun nan kowa ya duba rumbunsa. In akwai wanda ka daina yi wa magana a ɗakin kwana, je ka same shi kafin motar gida ta zo, kada ka aika. In ka ci bashin wani, ko ka riƙe littafin laburare, ka mayar. In kun isa gida, ku taya iyayenku ɗaurin dami da sussuka da cirar auduga, kada ku zama baƙi a gidan ubanku don kun iya Turanci. Ranar Kirsimeti, kwanon da za a kai wa maƙwabci Musulmi, kai ka ɗauka da hannunka, ka durƙusa ka gaishe shi. Wanda kuma zai koma gidan da aka yi rashi, ko gidan da har yanzu ake jiran wani, kada ya ji kunyar hawayensa a coci. Ba a hana mai kuka kunna kyandir ba.

Ku 'yan aji shida masu fita, jira iri-iri yana gabanku: jiran sakamako, jiran gurbin karatu, jiran aiki. Za ku ga waɗanda suka bi gajeriyar hanya sun riga ku sayen babur. Ku tuna dawa ba ta jin tsawa, ku ci gaba da yaɓen rumbunku.

Baffa ya dawo da 'yan shanunsa gonarmu tun kakar 2022, kuma duk Kirsimeti ni nake kai masa kwanonsa da kaina. Ashanar kyandir na uku ma, in aka miƙo mini, ba na ƙi.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya komo da waɗanda ke hannun mugaye, ya ta'azantar da masu makoki. Allah ya kai ku gida lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Barkanmu da Kirsimeti da sabuwar shekara.